Baƙon Ɗan Kasuwa a Abijan: Tarken Littafin *Les Soleils des indépendances* na Ahmadou Kourouma

1.0 Gabatarwa

Fatauci ne ya kai Bahaushe Gwanja neman goro tun kafin zuwan Turawa, daga baya kuma ya kai shi biranen gaɓar teku irin su Ikko da Ankara da Abijan. A Abijan, unguwannin Treichville da Adjamé su ne matattarar baƙi tun zamanin mulkin Faransa, kuma kasuwar Belleville da ke Treichville tana cikin wuraren da suke neman abinci. Hatta abincin nan da ake kira garba, wato aceke da soyayyen kifi, sunan Bahaushe yake ɗauke da shi, saboda 'yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi. Duk da haka, ba kasafai ƙagaggun labaran Hausa suke tsayawa a kan rayuwar falke a baƙunta ba. Wannan maƙala za ta dubi yadda wani marubuci ɗan Kwaddibuwa ya zana irin wannan rayuwa, da nufin nuna cewa littafinsa ya fi gwaninta wajen bayyana yadda baƙon ɗan kasuwa yake karyewa, a kan yadda yake rayuwa.

2.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi Ahmadou Kourouma a shekarar 1927 a arewacin Kwaddibuwa, cikin al'ummar Malinke, waɗanda fatakensu ake kira Jula. Ya rasu a birnin Lyon na Faransa a 2003. Kamfanonin ɗab'i na Paris sun ƙi karɓar wannan littafi da farko, sai a 1968 aka buga shi a Montréal ta Kanada, sannan kamfanin Seuil ya sake buga shi a Paris a 1970. Fassararsa ta Ingilishi ta fito a 1981.

Tauraron labarin shi ne Fama Doumbouya, ɗan sarautar ƙasar Horodougou, wanda ya zama babban falke a zamanin Turawa, ya kuma kashe dukiyarsa wajen yaƙi da mulkin mallaka. Da aka sami 'yanci, abin da ya tsira da shi katin shaidar ɗan ƙasa ne da katin jam'iyya, domin bai yi boko ba. Ya koma bin sadakar bakwai da ta arba'in a babban birni don ya sami na cefane. Marubucin bai ambaci sunan birnin ba, amma tafkin da ya raba unguwar Turawa da ta baƙar fata, da gadar da ta haɗa su, sun isa su nuna wa mai karatu Plateau da Treichville.

3.0 Jigo

Babban jigon littafin shi ne cin amanar talaka bayan samun 'yancin kai. A ƙarƙashinsa akwai ƙaramin jigo da ya fi shafar wannan nazari, wato karayar falke. Kourouma ya fahimci cewa jarin falke na farko hanya ce. Kaya suna iya ɓata a sake sarowa, amma idan hanya ta toshe, sana'ar ta mutu. Sababbin gwamnatoci sun miƙa ciniki ga ƙungiyoyin gama kai da 'yan jam'iyya suke shugabanta, sun kuma kafa shinge a kan iyakokin da Turawa suka shata. Garin haihuwar Fama, Togobala, ya faɗa cikin wata ƙasa daban, saboda haka ya zama baƙo a inda yake zaune, kuma sai ya nuna takarda kafin ya shiga ƙasar kakanninsa. A kan wannan iyaka ya gamu da ajalinsa: bayan ya fito daga kurkuku ya tarar an rufe gada, ya dira bakin kogi, kada ya raunata shi.

Marubucin bai ɓoye ƙyamar baƙi ba. A cikin motar zuwa Togobala, yaron mota mai suna Sery ya ɗora laifin talaucin 'yan ƙasa a kan baƙi, ya ce zaman lafiya sai kowa ya zauna a gidansu. Wannan ba ƙirƙira ba ce zalla. A 1958 an yi tarzomar korar 'yan Dahomey da Togo a Abijan. Gana ta kori baƙi a 1969, Nijeriya ma ta yi nata a 1983, sannan a 1990 Kwaddibuwa ta ƙaƙaba wa baƙi katin izinin zama, wanda ba a ɗauke wa 'yan Afirka ta Yamma shi ba sai a 2007. Ashe littafin ya hango abin da ke tafe.

4.0 Taurari

A nan ne raunin littafin ya fito. Ana gaya wa mai karatu cewa Fama falke ne, amma ba a taɓa nuna shi yana taya kaya ko yana sallamawa ba. Fataucinsa labari ne na da, wanda yake tunawa cikin zagi da alfahari. Wadda ake gani tana ciniki ita ce matarsa Salimata. Takan tashi da asuba ta dafa shinkafa, ta hau jirgin ruwa ta ƙetare tafki, ta sayar wa leburori, ta ba da bashi ga wanda ba a biya ba tukuna. Ranar da tausayi ya sa ta raba abinci kyauta, mayunwata suka yi mata caa, suka wawushe kayanta da kuɗinta. Wannan fitowa ta fi duk surutan Fama bayyana haɗarin ƙaramin jari: kyautar yini guda tana iya cinye uwar kuɗi.

Abu na biyu da aka rasa shi ne tsarin da yake riƙe baƙo. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 a kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda maigida yake saukar da falke, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an ɗauki shanu ko goro bashi. Amana ce take tafiyar da wannan ciniki, kuma da ita wanda ya karye yakan sake tashi. Fama ba shi da maigida, ba shi da yaro, ba shi da abokin ciniki. Mai yiwuwa da gangan marubucin ya ware shi don ya zama alamar sarautar da ta shuɗe. Amma sakamakon haka shi ne, mai karatu ba zai gane dalilin da ya sa kasuwannin Adjamé da Treichville suka ci gaba da cika da baƙi ba, alhali irin su Fama sun faɗi.

5.0 Salo

Kourouma ya lanƙwasa Faransanci ya bi tunanin Malinke, ya cika shi da karin magana da zambo da rantsuwa. Sunan littafin kansa misali ne. A harshen Malinke kalmar da ke nufin rana tana kuma nufin yini da zamani, ma'anar da Bafaranshe ba ya ba kalmarsa. Ɗalibin Hausa ba zai sha wahala a nan ba, domin shi ma yana cewa kowa da ranarsa. Don haka "Ranakun 'Yancin Kai" ya fi kusa da nufin marubucin a kan sunan da Turawa suke karantawa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa littafin ya yi nasarar nuna yadda iyaka da jam'iyya suka karya falke, ya kuma bar gurbi a kan zango da maigida da amana. Wannan gurbi yana jiran marubutan Hausa, domin kayan aikin suna nan a bakin fataken da suka zauna a Abijan da iyalansu a Kano da Maradi. Ya kamata ɗalibai su kwatanta Fama da Alhaji Imam na *Ruwan Bagaja*, su duba dalilin da ya sa tafiya ta zama riba ga ɗaya, ta zama ajali ga ɗayan.