Jinjina ga masu magana da yawun 'yan kambo

Tun da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, leburori ne ke tsintar audugar Jazira a Sudan, da yawansu Hausawa da mutanen Darfur. Manoman da aka raba wa hawasha, wato gonakin haya, sun daɗe da sanin amfanin haɗa kai, yajin aikinsu na 1946 ya tilasta wa Turawan mulki sauraronsu. Shi kuwa lebura yana can kambo, wato sansanin leburori, cikin bukkar kara a bakin magudana, ba shi da takardar fili, ruwan da jaki ke sha shi yaransa ke ɗiba.

Ƙungiyar Mu'utamar Kanabi (kanabi jam'in kambo ne) ce ta ɗauki kukan nan ta kai shi kunnen hukuma: filin zama, famfo, makaranta, asibiti. Ba abin a zo a gani ba ne, amma gwamnati ba ta jin wanda ya zo shi kaɗai. Naci ya sa maganar kanabi ta shiga yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta 2020, ko da yake har yanzu a takarda take. Da aka afka wa ƙauyen Kambo Tayba a Janairun 2025, ƙungiyar ta fito ta faɗa wa duniya.

Hausawan Maiwurno da Wad Madani, ku mara wa ƙungiyar nan baya.