Jinjina Ga Masu Gadin Dajin Yankari

Mu 'yan Madabo allo da tawada muka gada. Karatun daji sai masu shi. Ran da muka je Yankari, dab da kogin Gaji, mai gadin da ya rako mu ya ce direba ya tsaya. Ya sauka ya tsugunna, ya fasa kashin giwa da sanda, tururi ya tashi. "Malam, yanzun nan suka wuce." Ba mu yi nisa ba sai ga garken.

Tun 1956 aka keɓe dajin nan, kuma irin waɗannan bayin Allah ke kwana cikinsa suna fama da ɓarayin haure. Muna can muna wanka a maɓuɓɓugar Wikki, har biri ya wawushe mana burodi, su kuwa tuni sun koma sintiri.