Kallo Ya Koma Sama: Ƙwallon Kwandon Mata da Hujjar Rashin 'Yan Kallo

Akwai wata hujja da samari ke yawan kafawa, daga gidajen kallon ƙwallo na Ƙofar Guga har zuwa teburan masu shayi, duk lokacin da aka tambayi dalilin da ya sa wasannin mata ba su da gata. Cewa suke yi babu mai kallo. Inda babu ɗan kallo babu kuɗi, inda babu kuɗi kuwa babu mai wahalar da kansa wajen zawarcin 'yan wasa. Magana ce mai kama da gaskiya, shi ya sa ta daɗe ba a tuhume ta ba. Ƙwallon kwando ne ma'aunin da ya fi dacewa a ɗora ta a kai, domin a nan ne alƙaluma suka yi magana da babbar murya.

A Amurka, gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i da hukumar NCAA ke shiryawa kowane watan Maris tana cikin manyan bukukuwan shekara. Ranar 7 ga Afrilun 2024, 'yan matan Jami'ar South Carolina suka doke na Iowa da ci 87 da 75 a wasan ƙarshe, mutum miliyan 18.9 na kallo a talabijin. Washegari maza suka yi nasu tsakanin UConn da Purdue, aka sami mutum miliyan 14.8. Wannan ne karo na farko da wasan ƙarshe na mata ya fi na maza jama'a. Ga mai cewa jinin ɗan Adam ne ba ya son kallon wasan mata, wannan dare ɗaya ya isa amsa.

Sai dai masu murna ma sun yi gaggawa. Ruwa ba ya tsami banza. A shekarar ce Caitlin Clark ta Iowa ta karya tarihin yawan maki da Pete Maravich ya kafa tun 1970, kuma mutane da yawa ita suka zo gani. An nuna wasan mata ranar Lahadi da rana a tashar ABC da kowa ke kamawa, na maza kuwa daren Litinin a tashoshin biya. Da Clark ta tafi, 'yan kallon wasan ƙarshe na 2025 suka ragu zuwa miliyan takwas da ɗoriya, na maza suka haura miliyan 18. Amma a lura da wani abu da masu sharhi ke tsallakewa. Ƙa'idar shiga gasar ƙwararru ta NBA tana barin yaro mai hazaƙa ya bar jami'a bayan shekara guda, ita kuwa yarinya galibi sai ta kai shekara 22 ko ta kammala karatu. Shekara huɗu Clark ta yi a Iowa. Jama'a sun san fuskarta, sun san kishiyoyinta a fili, sun san wanda ya kayar da ita bara. Abin da ɗan kallo ke bi ke nan: labarin da ya san farkonsa yake ɗokin ƙarshensa. Matashin Ƙofar Guga da ke rantsuwa da Arsenal bai taɓa taka Landan ba. Maimaici ne ya shuka masa son, mako bayan mako, har ya zama nasa.

Shi ma wannan maimaici ba daga sama ya faɗo wa matan Amurka ba. Dokar Title IX ta 1972 ce ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambancin jinsi, ta tilasta musu buɗe wa mata guraben wasa da tallafin karatu. Duk da haka a 2021 sai da wata 'yar wasan Oregon, Sedona Prince, ta ɗauki bidiyon 'yan ƙarafan motsa jiki da aka ajiye wa mata, ta gwada shi da katafaren ɗakin da aka tanadar wa maza, kafin hukuma ta ji kunya. Sai a 2022 aka yarda gasar mata ta amsa sunan March Madness. Har gobe kuma ana ƙiyasta kuɗin nuna gasar mata a kan dala miliyan 65 a shekara, na maza kusan biliyan guda. Shekara hamsin aka yi ana gini kafin daren 2024.

Bai kamata Bakatsine ya yi mamakin wannan ba. Wasan folo baƙo ne, babu shi a cikin wasannin kakanninmu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya rungume shi a shekarun 1920, ya ba shi fili da dawaki da martabar fada, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da ake labari. Da Dikko ya tsaya jiran 'yan kallo su taru kafin ya share fili, da yau babu mai haɗa sunan Katsina da folo. Fili ne ya riga taro.

Haka zawarcin 'yan wasa yake. Mai neman gwani ba ya shiga gida gida, inda ake wasa yake zuwa. Hakeem Olajuwon ɗan ƙwallon hannu ne a makarantarsu ta Legas har sai da aka sa shi cikin 'yan kwando don wata gasa da aka yi a Sakkwato. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston, a 1984 ya zama zaɓi na farko a NBA. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da matasa a can, kuma daga nan ya sami hanyar kwaleji a Amurka. A 2003 ya kafa Giants of Africa, a 2019 ƙungiyar Toronto Raptors ta ci kofin NBA yana shugabanta. Dukkansu biyu wani ido ne ya gan su, kuma ya gan su ne domin akwai filin da za su tsaya a gan su.

To ina matanmu? A nan ne abin ya fi ciwo. D'Tigress ta ci kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025, alhali maza sau ɗaya suka ɗauko shi, a 2015. A gasar Olamfik ta Faris a 2024 ta kayar da Ostareliya da Kanada, ta zama tawagar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas. Muka yi tafi, muka ce namu ne. Amma a duba inda aka rene su. Mai horarwa Rena Wakama a Amurka aka haife ta, a Jami'ar Western Carolina ta yi wasa. Amy Okonkwo da Ezinne Kalu su ma kwalejojin Amurka ne suka yi zawarcinsu. Irin su Murjanatu Musa da suka fito daga gasar cikin gida ba su da yawa. Girbi muke yi a gonar da wani ya nome, sa'an nan ko ladan ganin ido ba ma bayarwa: a 2021 'yan wasan sun fito fili suna kukan bashin alawus, a 2022 kuma gwamnati ta janye ƙasar daga gasannin duniya, gurbin da suka yi gumi suka samu a kofin duniya ya koma hannun Mali.

Za a ce, kuma da hujja, Katsina ba Iowa ba ce. Uban da ke Ƙofar Guga ba zai bar 'yarsa ta yi tsalle da gajeren wando a gaban taron maza ba, kuma ba ni cikin masu yi masa kallon wanda bai waye ba. Damuwarsa sutura ce da kunya, kuma dukansu ana iya biya masa su. Bilqis Abdul-Qaadir ta buga wa Jami'ar Memphis da hijabinta, gwagwarmayarta na cikin abin da ya sa hukumar FIBA ta ɗage haramcin rufe kai a 2017. Balle ma 'yan matan Hausa ba baƙin motsa jiki ba ne, dandali shaida ne, gaɗa da carafke ma haka. Makarantun kwana na 'yan mata da muke da su a kewaye suke, 'yan kallonsu na farko kuwa suna cikin ɗakunan kwanan. Abin da ake bukata kwando biyu ne, da daɓen siminti, da malama mai horarwa, da gasar da za a riƙa yi kowane zango tsakanin makarantun Katsina da Daura da Funtuwa, a san wadda ta ci bara, a zo ganin ko za ta maimaita bana.