Wa Ke Raɗa wa Yunwa Suna?

Masu cewa laƙaba wa shekarun yunwa suna kalandar wanda bai yi boko ba ce kawai, wai dabarar tsoho ta tuna shekarar da aka haifi ɗansa, ƙwarya suka gani, ba su ɗaga faifai ba. Sunayen sanannu ne: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, 'Yar Buhu ta 1927, 'Yar Gusau ta lokacin yaƙin Hitila, sai El Buhari ta 1984 zuwa 1985. Boureima Alpha Gado na jami'ar Yamai ya tattara irinsu, haka Michael Watts da ya yi bincike a ƙasar Katsina.

A dubi ukun ƙarshe da kyau. Ko ɗaya bai ambaci fari ba, alhali kowa ya san ruwa ya ƙi. Ɗaya ya kama buhun da hatsi ya zo a cikinsa daga nesa, ɗaya ya kama garin da aka nufa neman abinci, na uku ya kama mutum. Fari daga Allah ne, talaka ba ya ja da shi. Abin da ke hannun ɗan Adam shi yake ajiyewa a cikin suna.

El Buhari ce ta fi burge ni. Magidancin Ɗan Gulbi a Nijar, in rumbu ya yi ƙasa, yana da ƙofa biyu: ya sayar da ɗan akuya ya auno tiya, ko ya bi ta Maraɗi ya tafi cin rani Najeriya. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka ta kuma canza naira, a 1985 ta kori baƙi. Ga dabba ta rame ba ta da daraja a kasuwa, ga ƙofa ta biyu an ja. Duk wannan mutanen karkara suka dunƙule shi a kalma biyu. Masanin tattalin arziki Amartya Sen, a littafinsa na 1981, ya nuna cewa mutum kan mutu da yunwa hatsi na jibge a kasuwa in an toshe masa hanyar samunsa. Waɗanda suka raɗa wannan suna ba su karanta shi ba.

Wasu na cewa an yi wa Buhari rashin adalci tunda ba shi ya hana ruwa ba. Ai babu wanda ya ce shi ya hana.

Irin wannan suna ba a raɗa shi a ofis. Sai ya zaga bakin rijiya, wurin daka da ƙofar masallaci, wanda bai yi daidai da abin da jama'a suka ɗanɗana ba ya faɗi da kansa. Nan damuwata take. A 2005, ana cika cibiyar ƙungiyar likitocin MSF ta Dakoro da yara masu tamowa, Shugaba Tandja Mamadou na cewa babu yunwa a Nijar. Daga nan kalmomin ma'aikatan agaji suka cika kunnuwa: ƙarancin abinci, matakin gaggawa. Kalmomi ne masu auna hannun yaro da nauyinsa, ba sa tambayar wanda ya ɓoye gero a sito yana jiran tsada.