Koyon Tafiya A Tsaye: Tarken Littafin Jenny Erpenbeck

A shekarar 2015 marubuciya Bajamushiya Jenny Erpenbeck ta fitar da ƙagaggen labarinta mai suna Gehen, ging, gegangen. Sunan ba wani abu ba ne illa aikatau na “tafiya” a sigoginsa uku, kamar yadda ake haddace shi a ajin koyon Jamusanci. A ganina, duk jigon littafin yana ƙunshe cikin wannan suna, domin masu haddar mutane ne da doka ta ɗaure wa ƙafa.

Tauraron labarin shi ne Richard, farfesan adabin Girka da Rum wanda ya yi ritaya a Balin. Zaman banza ya kai shi ga ’yan Afirka da suka kafa tantuna a dandalin Oranienplatz, zaman da ya faru da gaske daga 2012 zuwa 2014. Daga cikinsu akwai ’yan Nijar da Najeriya da Gana. Yawancinsu ma’aikata ne a Libiya kafin yaƙin 2011 ya tura su teku. Tun da ta Italiya suka shiga Turai, ƙa’idar Dublin ta ce Italiya ce ke da alhakinsu. Takardar Italiya tana ba su damar zuwa Jamus, amma ba ta ba su izinin aiki a can ba, Italiya kuma babu aikin.

A nan ne alƙalamin marubuciyar ya fi kaifi. Ba ta zana waɗannan mutane a matsayin mabarata ba. Rashid, alal misali, mai sana’ar ƙarfe ne da ya taɓa riƙe kansa da iyalinsa, ya kuma rasa ’ya’yansa biyu a teku. Abin da yake nema shi ne a bar shi ya yi aikin da ya iya. Maimakon haka sai aka ba su gado a wani gidan tsofaffi, aka ba su darasin harshe, wanda shi ma yau a yi, gobe a dakatar. Erpenbeck ta mayar da jira ya zama tauraro mai zaman kansa: barcin rana, kallon waya, lissafin ranakun da ba su da bambanci. Mai karatu zai fahimci cewa harshen da ba a kai shi wurin aiki ba, a aji yake mutuwa. Abokin aiki, da maigida, da mai saye, su ne ke sa baƙo ya zama ɗan gari, ba allo kaɗai ba.

Abin da ya biyo bayan littafin ya ƙara masa nauyi. A ƙarshen 2015 Jamus ta buɗe darussan sajewa da jama’a ga masu neman mafaka da ake ganin za su samu zama, irin su ’yan Siriya da Iraƙi da Eritiriya. A 2016 ta yi dokar da ta ba mai koyon sana’a damar zama har ya kammala, da ƙarin shekara biyu idan ya samu aiki. Shiri ne mai ma’ana, sai dai kafin a koya wa mutum komai an riga an tace shi ta ƙasar da ya fito. Mutanen Oranienplatz, masu takardun Italiya, suna bayan layi tun ba a fara rabo ba.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan zubin labarin. Da idon Richard muke ganin kowa, har yakan laƙaba musu sunaye daga littattafansa, wannan Apollo, wancan Tristan, saboda nasu na yi masa wuyar riƙewa. Na yarda marubuciyar tana sane, tana yi wa jahilcin masani ba’a ne. Amma ba’ar ba ta hana a ƙarshe mu san zuciyar farfesan fiye da ta baƙinsa ba. Wanda ya canja shi ne Richard. Su kuwa kamar shaidu suke, kowa ya zo ya ba da labarinsa ya koma.

Haka nan duk wani sauƙi da suka samu daga aljihun mutum guda ya fito. Shi ya ba Apollo aikin lambu, shi ya zaunar da Osarobo gaban fiyano, shi ya saya wa iyalin Karon gona a Gana. Wani zai ce wannan rauni ne, cewa an maye gurbin haƙƙi da sadaka. Ni ban tafi can gaba ɗaya ba, domin labarin bai ɓoye ƙanƙantar taimakon ba. Da aka fasa gidan Richard, zargi ya faɗa kan Osarobo, marubuciyar kuma ta ƙi warware mana ko shi ne. Ta bar mu da saurayi mai ƙarfi a jika, wanda aka hana wa hanyar samun ko sisi, da dattijon da ba zai iya tambayarsa kai tsaye ba tare da ya tuna wane ne mai gida, wane ne mai karɓa.