Dutsen Ellora da Lakar Miga: Nazarin Zanen Bango a Ƙasar Fadama

Bahaushe ya san gumakan Hindu tun bai san sunan garuruwansu ba. Finafinan Indiya ne suka kawo masa su, daga gidajen silima na Kano har zuwa bidiyon ɗakin amarya. Jaruma na kuka gaban gunki, mu kuwa mun ƙagara a koma waƙa. Da wuya a sami wanda ya tambayi wane hannu ya sassaƙa dutsen.

Mai zane dole ya tambaya. A Ellora, cikin jihar Maharashtra, akwai kogo 34 da mabiya Buddha da Hindu da Jain suka fafe a jikin dutse. Na 16, wato Kailasa, shi ne gagara-misali. A ƙarni na 8 aka yi shi, ana kuma danganta shi da Sarki Krishna na Ɗaya na daular Rashtrakuta. Ba ginawa aka yi ba: daga ƙololuwar dutsen aka fara sara ana gangarowa, har rufi da ginshiƙai da giwaye suka fito daga dutse guda. Wanda ya yi kuskuren sara ba shi da damar mayarwa. Musulmi ba shi da abin yi da bautar da ake yi a wurin, amma ido mai sanin aiki zai gane haƙuri da lissafi in ya gan su.

To, mu namu fa? Duwatsun Jigawa suna kudu, wajen Dutse da Birnin Kudu, inda mutanen dā suka zana shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, zanen da masana suka fara bayyanawa a shekarun 1950. Miga kuwa ƙasar laka ce da yashi da fadamar Kogin Haɗejia. Ga kuma hukuncin malaman Malikiyya da ya hana sassaƙa cikakkiyar surar mai rai wadda take da inuwa. Waɗannan biyu, ƙasa da fiƙihu, su suka tsara wa gwanin Bahaushe hanyarsa. Ya bar jikin mutum, ya koma kan bango.

A nan ne aikin yake. Magini yana jera tubali, ya ɗaure rufi da azarar giginya, ya tayar da bakan gizo a cikin soro, ya kafa zanko a saman zaure. Sai ya yaɓe, kuma tun yaɓen yana da ɗanye zai sa yatsu ya fitar da dagi da allo da takobi, su taso daga bango yadda hasken hantsi zai ba su inuwa. Makuba daga kwasfar ɗorawa take fitowa, ita ke kare bango daga ruwa. Laso kuwa haɗin katsin marina ne da gashin jima da dafara. Masassaƙin Ellora ragewa yake yi, maginin Hausa ƙarawa. Wancan yana da shekaru a gabansa, wannan kuwa tsere yake da rana kafin laka ta bushe. Ni dai a wurina saurin hannun nan bai gaza wancan haƙurin daraja ba. Wanda ke shakka ya je Zariya ya ɗaga kai a tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, ko ya shiga Gidan Makama a Kano.

Kuma sana'ar ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce maginan Zariya har keke da mota da jirgin sama suka riƙa fitarwa a fuskar gidajen attajirai.

Rauninta shi ne laka ba ta yafe sakaci. Dutse yana iya jiran mai ziyara shekara dubu. Bangon ƙasa kuwa in aka bar shi damina biyu ba yaɓe, zanen ya tafi. A fadama abin ya fi muni. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyinsa, ambaliyar 2020 da ta 2022 kuma ta kwantar da gidajen ƙasa masu yawa a wannan yanki. Wanda gidansa ya faɗi ba za a ga laifinsa ba don ya koma bulo da kwano. Inda laifi yake shi ne a ce zaure ya rushe ba wanda ya auna shi, ba wanda ya ɗauki hotonsa, ba a ma san sunan maginin ba. Muna kai ɗalibai ziyara fadar Haɗejia, mu ba su labarin yaƙin 1906 da shahadar Sarki Muhammadu, amma ba ma ce musu su tsaya su dubi bango.

Ɗaliban Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ku ne mafi kusa. Ku ɗauki takarda da waya ku shiga Miga da ƙauyukanta, ku zana duk zauren da ya rage, ku zauna da tsofaffin magina ku rubuta sunan kowane zane daga bakinsu, kafin ruwan baɗi ya sauka.