Maye da Bamfaya: Sharhi a Kan Awon Ƙarfin Masu Shan Jini Bisa Ma'aunin Al'adun Ƙasar Kabi

1.0 Gabatarwa

Akwai wata hanyar nazari da ta yaɗu tsakanin masu rubuce-rubuce a kan camfe-camfen duniya, watau jera halittun da aka ce suna shan jinin mutane, a ba kowace maki gwargwadon ƙarfinta: wannan tana tashi sama, waccan tana rikiɗa, wata kuma makami ba ya kama ta. Daga nan sai a yanke hukuncin wadda ta fi. Wanda ake sa wa a gaba kullum shi ne bamfaya na Turai, watau mataccen da aka ce yana fitowa daga kabari da dare ya tsotse jinin masu rai. Idan aka zo kan Hausawa kuwa, sai a ɗauko maye a cusa shi cikin jerin, a ce ai shi ne bamfayan ƙasar Hausa.

Manufar wannan takarda ita ce mu auna wannan kwatance mu ga ko yana da madafa. Mun zaɓi ƙasar Kabi, musamman Birnin Kebbi da Argungu, domin a nan Kabawa da Arawa da Zabarmawa da Dandawa da Fulani suka daɗe suna cuɗanya, ga shi kuma Gulbin Rima ya sa al'adun ruwa sun yi ƙarfi tun zamanin Muhammadu Kanta a ƙarni na 16. Muna magana ne a kan abin da jama'a suka yi imani da shi, watau a matsayinsa na al'ada da adabin baka.

2.0 Asalin Ma'aunin da Ake Amfani da Shi

Abu na farko da ya kamata mu tambaya shi ne, daga ina aka samo jerin ƙarfin da ake auna kowa da shi? Idan muka bi diddigi za mu tarar yawancinsa daga littafin ƙagaggen labari ya fito. A littafin Dirakula na Bram Stoker, wanda aka buga a 1897, aka haɗa wa bamfaya ƙarfin mutum 20, da rikiɗa ya zama jemage ko kyarkeci ko hazo, da rashin bayyana a madubi, da rashin iya shiga gida sai an gayyace shi. Mutuwa da hasken rana kuwa, wadda mutane da yawa suka ɗauka tsohuwar al'ada ce, fim ɗin Nosferatu na Jamus ne ya yayata ta a 1922, don kuwa Dirakula na cikin littafi yana yawo da rana, sai dai ƙarfinsa ya ragu.

Bamfayan da manoman Sabiya suka ji tsoro ba shi da wannan ado. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo, aka tone gawar wani mai suna Petar Blagojević bayan mutum 9 sun mutu a jere, aka soke ta da itace aka ƙone. A 1732 likitocin sojan Ostiriya suka rubuta rahoto a kan irin wannan lamari a ƙauyen Medveđa. Abin da suka gani shi ne gawa ta kumbura, jini a bakinta, farce kamar ya ƙara tsawo. Paul Barber ya bayyana a littafinsa na 1988 cewa waɗannan duka alamun ruɓewar gawa ne: iska ce take taruwa a ciki ta tura ruwan jini zuwa baki, fata kuma ta janye har farce ya fito. Tone-tonen ya yi yawa har Sarauniya Maria Theresa ta hana shi a 1755. Ashe ke nan ma'aunin da ake ɗora wa al'ummomin duniya bai ma dace da al'ummar da aka ce daga gare ta ya fito ba.

3.0 Siffofin Bamfaya a Rarrabe a Ƙasar Kabi

Idan muka warware bamfaya zuwa siffofinsa, za mu ga Bahaushe ya san kowace, amma ya raba su ga halittu dabam-dabam.

Siffa ta farko ita ce dawowar matacce. Wannan aikin fatalwa ne, ita kuwa iyakarta tsoratarwa, ba a san ta da tsotsar jini ba. A ganinmu dalilin a fili yake. Musulmi suna binne mamaci cikin 'yan sa'o'i, a likkafani, ba a kuma tone kabari don a duba halin da gawa take ciki. Wanda bai buɗe kabari ba, ba zai ga abin da mutanen Medveđa suka gani ba, balle ya gina labari a kansa.

Siffa ta biyu ita ce cin naman mutum da ƙarfin tsiya. Wannan na dodo ne, wanda tatsuniya take ajiye shi a ƙungurmin daji ko a gulbi yana jiran 'yan mata masu ɗiban ruwa. Dodo ya fi kama da gul na labaran Larabawa, kuma kusan kullum wayon yaro ko na gizo ne yake kayar da shi.

Siffa ta uku ita ce shan jini kansa, kuma wannan na iskoki ne. Joseph Greenberg ya nuna a nazarinsa na Maguzawan Kano, wanda aka buga a 1946, cewa jinin dabbar da aka yanka shi ne abincin iskoki. Masunta na Argungu sun gaji al'adar gyaran ruwa, inda Sarkin Ruwa yake neman lafiyar gulbi kafin a faɗa su, kuma wannan ta girmi bikin kamun kifi na Matan Fada da aka fara a 1934. Hujja mafi ƙarfi tana cikin harshe. Ciwon da yake shanye ƙafar yaro Bahaushe ya kira shi shan inna, watau Inna, wadda ake ce wa Doguwa, ita ta sha gaɓar har ta bushe. Sunan ya zauna daram har bayan an gane ƙwayar cuta ce, har zuwa 2020 da aka tabbatar an kawar da nau'inta na asali daga Afirka.

Siffa ta huɗu ita ce lalata rayuwar mutum a ɓoye, a hankali, har ya mutu. Nan ne kaɗai maye ya shigo.

4.0 Maye a Kan Ma'auni Uku

Maimakon lissafin wa ya fi wa tashi sama, muna ba da shawarar a yi tambayoyi uku.

Ta farko: mai rai ne ko matacce? Bamfayan Sabiya gawa ne, haka ma jiyangshi na ƙasar Sin, gawar da aka ce tana tafiya da tsalle sai an liƙa mata takardar laya a goshi. Maye kuwa mutum ne mai rai, maƙwabci ko kishiya ko kaka, ana cin kasuwa ɗaya da shi. Ta wannan fuska danginsa su ne obayifo na Asante, da penanggalan ta Malesiya, macen da aka ce kanta yana rabuwa da gangar jiki da dare ya nemi masu jego. Mafi kusa duka shi ne cerkaw na Zabarmawa, maƙwabtan Kabawa, wanda Jean Rouch ya yi bayaninsa a 1960: shi ma a nonon uwa yake shan abin, shi ma inuwar ran mutum yake sacewa.

Ta biyu: me ake ci? Bamfaya jini yake sha, abin da ido yake gani. Maye kurwa yake kamawa, ya ɓoye ta, mai ita ya yi ta ramewa, in an cinye ta ya mutu ba tare da ko ƙwarzane a jikinsa ba. Ƙarfin maye yana cikin ƙanƙarar da aka ce tana cikinsa, kamar yadda Evans-Pritchard ya nuna a littafinsa na 1937 cewa Azande sun ɗauka maita wani abu ne a cikin ciki. Saboda haka maye ba ya bukatar haƙori ko ƙarfin damtse. Tsohuwa mai sanda ma an yarda tana iyawa. Duk lissafin da ya ba da maki ga ƙarfin jiki zai sa maye a ƙarshe, alhali a idon wanda ya yi imani, wannan rashin alama shi ne abin tsoron.

Ta uku: yaya ake magani, kuma a kan wa yake sauka? Maganin bamfaya hallaka shi ne, da itace ko wuta. Maganin maita kuwa asalinsa maido da kurwa ne: a sa wanda ake zargi ya tsallake majinyaci, ko ya kurkure baki a ba shi ruwan ya sha, ko a kai ƙara wurin Sarkin Mayu. Akwai kuma rigakafi na baki, kamar faɗin "kurwata kur", da imanin cewa wata kurwar ɗaci gare ta. Wannan ya nuna al'umma ta ɗauki maye a matsayin nata, wanda za a ci gaba da zama da shi bayan an sasanta.

5.0 Abin da Kuskuren Yake Jawowa

Wani zai ce ai wannan gardamar suna ce kawai. Ba mu yarda ba. Mutanen Kisiljevo gawa suka soke, gawa kuwa ba ta jin zafi. Wanda aka kira maye yana da rai, yana da 'ya'ya, kuma tunda an ce abin gado ne, zargin yana bin zuriyarsa har a ƙi auren 'ya'yansa mata. Hausawa sun ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba, kuma karin maganar tana nuna tsawon ran wannan gaba. Sau da yawa hujjar da ake kafawa ita ce majinyaci ya ambaci sunan wani cikin magagi, alhali zazzaɓin cizon sauro, wanda fadamar Rima ta san shi sarai, da sanƙarau na lokacin zafi, duka suna sa sambatu. Idan mai fassara fim ko marubuci ya ɗauki sunan maye ya laƙaba wa halittar da maganinta kisa ne, ya koya wa matasa cewa haka ake yi wa maye. Ya kamata a tuna cewa dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa zargin wani da maita cikin laifuffuka. Malaman jihadi ma, waɗanda rundunarsu ta ci Birnin Kebbi a 1805 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, sun yi rubutu mai yawa a kan barin tsafi da camfi.

Haka kuma imanin yana sauyawa da zamani. Pamela Schmoll ta ruwaito a 1993 cewa Hausawan yankin Maraɗi suna cewa maita a da gado ce, daga baya ta zama abin saye da kuɗi. Zancen 'yan shan jini da ake yi a garuruwanmu, watau masu neman dukiya da ran mutane, daga wannan reshe ya tsiro. Ya yi kama da abin da Luise White ta tattara a littafinta na 2000, inda mutanen Afirka ta Gabas a zamanin mulkin mallaka suka riƙa cewa 'yan kwana-kwana suna kama mutane su zuƙe musu jini. A duka wuraren biyu, labarin yana magana ne a kan dukiyar da ba a san asalinta ba da ikon da ba a iya tambaya.

6.0 Kammalawa

Mun nuna cewa jerin ƙarfin da ake auna masu shan jini da shi daga ƙagaggen labari da fim aka ɗauko shi, cewa siffofin bamfaya a ƙasar Kabi sun rabu tsakanin fatalwa da dodo da iskoki da maye, kuma cewa maye ya fi kusa da cerkaw da obayifo nesa ba kusa ba. Saboda haka muna ba masu fassara shawara su riƙa cewa bamfaya, ko matacce mai shan jini, su bar wa maye sunansa. Muna kuma kira ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, da Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, su tattara bayanan tsofaffin masunta da na sarakunan mayu da bakinsu na Kabanci, tare da kwatanta su da na Zabarmawa da Dandawa, domin a sami ma'aunin da aka ƙera daga cikin gida. Allah ya sa mu dace.